Diyyar da ba ta wuce takarda ba

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ɓoye komai ba: duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ya cancanci diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Kotuna ma suna yanke hukuncin haka, musamman tun da dokokin shigar da ƙarar take haƙƙin ɗan Adam na 2009 suka sauƙaƙa hanya. Matsalar tana farawa ne daga ranar da alƙali ya buga guduma.

Mutum ya sayar da gona ya ɗauki lauya, ya yi shekaru yana zarya a kotu, aka ce rundunar 'yan sanda ta biya shi miliyoyi. Ya je karɓa, sai ya ci karo da sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu, wanda ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar. Wato sai ka nemi izinin lauyan wanda kake bi bashi kafin ka karɓi haƙƙinka. Masu ƙara da dama a nan suke gajiya, su naɗe takardar hukuncin su jefa a akwati.

Shi kuwa ɗan sandan da ya yi aika-aikar, ko sisi ba ya fita daga aljihunsa. Ƙananan jami'ai a kan gurfanar da su a shari'ar cikin gida, manya kuma sai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta yanke. Sau da yawa abin da jama'a ke gani shi ne sauyin wurin aiki. A ganinmu, ɗauke azzalumi daga wannan caji ofis zuwa wancan ba horo ba ne, sabbin waɗanda zai zalunta aka ba shi.

Kisan matasa shida na Apo a Abuja ya faru a 2005, amma sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Sakamakon zanga-zangar EndSARS ta 2020 an rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, jihohi suka kafa kwamitocin bincike. Amma har yau a caji ofis da yawa an rubuta beli kyauta ne a bango, ga uwa tsaye a bakin kanta da kular abinci, ana ce mata ta kawo na biro da takarda.

Muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta soke sashe na 84. Haka kuma duk hukuncin da kotu ta yanke kan wani jami'i, a tura shi kai tsaye zuwa fayil ɗinsa a Hukumar, ya tsayar masa da ƙarin girma, a kuma riƙa cire wani kaso na diyyar daga albashinsa da fanshonsa.