Gurguncewar 'Yan Tsaki: Ina Laifin Masara, Ina Kuma Haƙƙin Mai Awo?

 

Akwai wata ƙara da mukan ji a rumfuna, tun daga Dawanau har ƙananan kasuwanni. Mai kiwo ya sayi masara da waken suya, ya niƙa ya ba 'yan tsaki, bayan mako biyu ko uku sai ga shi ya dawo wai an sayar masa da mugun kaya. Tsakin sun zauna kan gwiwa, ƙafa ta karkace, baki ya yi laushi har yatsa na lanƙwasa shi. To, mu dai abin da muka gani shi ne, sau da yawa masarar lafiyarta lau. Abin da ya rasa cikin haɗin shi ne bitamin D, kuma babu shi cikin masara ko dawa ko gero, komai kyawunsu.

Ga yadda abin yake. Ƙashi da abu biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfaras. Amma zuba su a kwano daban, shigarsu jini daban. Hanjin ɗan tsako, tun daga inda ya baro ƙundu, yana da waɗansu sinadarai masu aikin narkarwa da ɗauka, su ake kira inzayim. Ku ɗauke su kamar 'yan dako a bakin sito, bitamin D kuwa shi ne sarkin 'yan dako. Tun 1966 masana biyu a jami'ar Cornell ta Amurka, Wasserman da Taylor, suka gano a hanjin 'yan tsaki wani furotin mai kama kalsiyam, wanda ba ya bayyana sai an ba su wannan bitamin. An kuma tabbatar cewa inzayim mai suna alkalin fosfatas yakan yi sanyi a hanjin tsakon da aka hana bitamin D, in an ba shi sai ya farfaɗo cikin 'yan kwanaki.

Nan ne maganar ta shafi kayanmu. Kusan kashi biyu cikin uku na fosfaras ɗin da ke cikin hatsi a ɗaure yake cikin wani abu da ake kira fitet. Mai kwance wannan ɗauri shi ne inzayim fitas, wanda dama kaɗan ne a hanjin kaza, rashin bitamin D kuma sai ya ƙara rage shi. Ka ga kenan mai kiwo ya biya kuɗin mudu cikakke, ya ƙara da garin ƙashi, amma amfanin yana bin kashin kaji ya zube. An sauke kaya bakin sito, ba mai shigarwa.

Wani zai ce, kajin gida wa ke ba su bitamin? Rana ce. Haskenta in ya taɓa fata jiki da kansa yake yin abinsa. Amma kajin gidan gona a rufe suke ƙarƙashin kwano, gilashin taga ma yana tare wannan haske, ga su da saurin girma. Dole sai an sa musu cikin abinci, ta hanyar garin nan da ake kira firimis. A kuma duba takardar buhu: D3 ake so, domin D2 ƙarfinsa ga kaza bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba.

To amma kada mu ce mun wanke hannu. Akwai wurare biyu da haƙƙi ke kanmu. Na farko ajiya. Bitamin D ba ya jure zafi da danshi da daɗewa. Buhun firimis da ya kwana watanni a buɗe ƙarƙashin kwano mai zafi, nauyinsa na nan amma ƙarfinsa ya ragu. Na biyu funfuna. Bitamin D ba ya aiki sai ya bi ta hanta, sannan ƙoda, su gyara shi. Gubar funfuna da ke cikin masarar da ta sha ruwa ko tunkuzar gyaɗa mai ɗaci, hanta take fara kamawa. A 1960 irin wannan guba cikin tunkuza ta kashe 'yan talotalo wajen dubu 100 a Ingila. Mun kuwa san abin da ya faru sa'ad da Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya hana ɓoye aibin kaya.

Saboda haka ga shawararmu. Mai awo, in ka ji mai saye zai haɗa wa tsaki ne, tambaye shi ko ya tanadi firimis da garin ƙashi. Dillali, kada ka ce masa ya rage firimis ya ƙara dusa don haɗi ya yi sauƙi, araha ba ta ado. Mai shago, ka ajiye firimis a inuwa a ɗaure, ka duba ranar ƙarewarsa, tsoho ya fita kafin sabo. Kayan da ya yi funfuna a ware shi, kada a gauraya. Mai kiwo kuma kada ya ninka awo don neman sauri, yawansa ma yana lalata ƙoda. Ya bi ƙa'idar buhu, in ciwo ya shigo ya nemi likitan dabbobi.

Wanda tsakinsa suka miƙe shi ne zai dawo gobe ya ɗauki buhu goma. Wanda suka gurgunce ya bar kiwo, mu kuma mun rasa mai saye. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin. Haza wassalam.