FILIN WASANNI: Hakkin Baƙo A Kan Mai Ganga

Mako biyu ke nan ana ta muhawara a majalisun Unguwar Limawa da ke cikin garin Minna, babban birnin Jihar Neja, a kan wani wasan ƙwallon ƙafa da aka yi tsakanin kwalejoji biyu, ɗaya ta cikin gari, ɗayar kuwa ta taso daga wani gari mai nisan tafiyar sa'a uku a mota. Masu gida ne suka yi nasara da ci 2 da 1, amma babu mai maganar ƙwallayen da aka ci, babu kuma mai zargin alƙalin wasa. Gardamar duka a kan 'yan badujalar kwalejin gida take, watau ɗaliban nan masu ganguna da begila da aka saba gani a gaban sahu ranar fareti, waɗanda da yawansu 'ya'yan Limawa ne.

Ga yadda abin ya kasance. Sa'ad da 'yan wasan gida suka shigo fili, badujala ta tarye su da kiɗa har ƙasa tana amsawa. Da baƙi suka biyo baya sai aka sauke ganguna, suka shigo tsit kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Bayan hutun rabin lokaci makaɗan suka kwashi kayansu suka koma bayan ragar baƙi, da aka ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida kuwa suka kafa wa golan begila a ƙeya. Wannan duka da sauƙi. Abin da ya tunzura jama'a ya zo ne kusa da tashi, lokacin da wani ɗan wasan baya na baƙi ya gurɗe a ƙafa. Abokansa suna ɗauke da shi zuwa gefen fili yana murƙususu, sai makaɗa suka juya kiɗa zuwa irin mai nauyin nan da soja ke yi wajen rakiyar gawa, wasu 'yan kallo kuma suka bushe da dariya. Malamin da ya jagoranci baƙin bai tsaya cin abincin da aka tanadar musu ba, ya loda yaransa a mota suka kama hanya. Nan da mako uku kuwa 'yan Minna ne za su je garinsu a yi zagaye na biyu.

A wata majalisa da ke zama bayan sallar isha'i, wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya kira saurayin da ke buga babbar gangar, wanda ɗan maƙwabcinsa ne, ya tambaye shi wa ya sa su wannan aiki.

Saurayin ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ba mu zagi kowa ba, ba mu jefi kowa ba. Kiɗa muka yi, kiɗa kuwa ba ya fasa kai. Mu ma in mun je garin wasu haka ake yi mana."

Dattijon ya ce, "Ɗana, ka zage shi mana, da bakin ganga, kuma kowa ya ji. Yaron nan da aka ɗauka, uwa ya baro a gida kamar yadda ka baro taka. In an tambaye shi yadda ya ga mutanen Minna, me kake so ya ce?"

Kafin a yanke wa saurayin nan hukunci, ya kamata a ba shi gaskiyarsa inda yake da ita. Zuga ɗan gida ba laifi ba ne, ita ce ma aikin makaɗi. Duk wanda ya ji labarin ranar 22 ga Maris 1980, sa'ad da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a babban filin wasa na Surulere a Ikko ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, ya san cewa ganguna da ƙahonin magoya baya sun yi nasu aikin a ranar. Amfanin wasa a gida ke nan, kuma wanda ya je filin ƙwallo yana neman shiru ya ɓata hanya. Saboda haka maganar ba ta yawan ƙara ba ce. Maganar ita ce ina ganga ta dosa, kuma a wane lokaci aka buga ta.

Wannan gardama ba a Limawa aka fara ta ba. A ƙasar Amurka, inda kusan kowace babbar jami'a take da rundunar badujala ta ɗalibai, wata ma sama da mutum ɗari biyu, an daɗe ana fama da ita a wasansu na ƙwallo, irin wanda ake rungumar ƙwallon a ruga da shi. Can suna da wata al'ada mai kyau. A jami'o'i irin su Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo, kafin a fara wasa 'yan badujalar gida sukan buga taken makarantar baƙi don girmamawa, ko da kuwa abokan hamayyarsu ne na tun kaka da kakanni. Har wa yau dokar wasan jami'o'insu ta hana makaɗa yin ƙarar da za ta hana 'yan wasa jin umarnin junansu sa'ad da za su kai hari, kuma alƙali yana da ikon hukunta ƙungiyar da makaɗanta suka saɓa.

Da aka yi watsi da wannan ladabi kuwa an ga sakamakonsa. A watan Nuwamba na 1973 Jami'ar Rice da ke birnin Houston ta karɓi baƙuncin Jami'ar A&M ta Jihar Teksas, wadda 'yan badujalarta ɗalibai ne masu horon soja. A lokacin hutun rabin lokaci makaɗan Rice suka fito suna kwaikwayon macin baƙin cikin ba'a, suka kuma yi wa karyar da jami'ar baƙin ta ɗauka a matsayin alamarta shaguɓe. Da aka tashi wasa sai magoya bayan baƙi suka yi wa makaɗan ƙawanya a cikin filinsu, suka hana su fita na tsawon sa'o'i, har sai da aka kawo motocin dakon abinci aka fitar da su a ciki. Babu wanda makaɗan suka taɓa da hannu, kamar dai yadda saurayin Limawa ya faɗa, amma duk da haka a ɓoye suka bar gidansu.

To, amma Bahaushe ba ya bukatar ya haye teku kafin ya koyi wannan, domin yana da shi a gida tun kafin zuwan tamaula. A dubi filin dambe. Da kaka, in amfanin gona ya zo gida, 'yan dambe sukan bi gari gari, a sauke su, a ba su abinci da wurin kwana, sa'an nan da yamma a haɗu a fage. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kuma makaɗin da ya amsa sunansa makaɗi dole ya san taken baƙo kamar yadda ya san na ɗan gari. In baƙo ya miƙe, kalangu zai kira shi da takensa, ya yi tsuma, ya yi kirari, kana a sa zare. Makaɗi ya san in bai zuga baƙo ba damben ba zai yi armashi ba, nasarar ɗan gari kuma ba za ta yi daraja ba, tun da ba a yabon wanda ya kayar da rago. Marigayi Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato, ya yi wa Shago waƙa, ya kuma yi wa Ɗandunawa, alhali kuwa abokan karon juna ne, bai rage ko ɗayansu da komai ba.

Ba a ce babu habaici a fagen dambe ba. Akwai shi, har da zambo mai zafi. Amma ana yi wa namijin da ke tsaye ne, wanda hannunsa ke ɗaure, yana da halin mai da martani. In mutum ya kai ƙasa magana ta ƙare, sai a ɗaga shi a karkaɗe masa ƙura, makaɗi ya koma kan taken wanda ya yi kisa. Nan ne 'yan badujalar kwalejin nan suka zame. Sun ɗauki ganga, amma sun bar ladabin da ke tafiya tare da ita.

Mutanen Minna kuwa su ne ya fi cancanta su san zafin baƙunci. Garin na Gbagyi ne tun asali, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano a 1911, ita ce ta jawo Hausawa da Nufawa da Yarabawa da sauran kabilu suka zo suka zauna aka karɓe su, har garin ya zama babban birnin jiha a 1976. Kakannin da yawa daga masu buga gangar nan baƙi ne jiya. A fagen ƙwallo ma haka abin yake. Ƙungiyar Niger Tornadoes, wadda ake yi wa laƙabi da 'yan Ikon Allah, wadda ta ci Rangers ta Inugu 1 da nema ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a shekarar 2000, ta yi kakar 2016 da ta 2017 tana buga wasanninta na gida a Lakwaja, daga baya kuma ta yi zaman Kaduna. Watau ta yi shekaru tana baƙunci ko a ranar da ake kiranta mai gida. Sau biyu kuma bugun daga kai sai mai tsaron gida ya raba ta da kofi a wasan ƙarshe, a 2017 a hannun Akwa United a filin Agege da ke Ikko, da 2019 a hannun Kano Pillars a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata a koya masa nauyin da ke kan gola a irin wannan lokaci ba.

Sai kuma maganar saurayin cewa su ma haka ake yi musu. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace haɗari, domin ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ba ta da ranar ƙarewa. A watan Oktoba na 2024 'yan ƙwallon Libiya suka yi kukan cewa ba a kyautata musu ba da suka zo Nijeriya wasan da aka yi a Uyo. Bayan kwana biyu kacal aka karkatar da jirgin 'yan wasan Nijeriya daga Bangazi zuwa filin jirgin sama na Al Abrak, suka kwana a kan kujeru, suka komo gida ba a yi wasan ba. Hukumar ƙwallon Afirka ta ba Nijeriya maki 3 da ci 3, ta ci Libiya tarar dala 50,000. A nan gida kuma, a watan Afrilu na 2022 'yan kallo suka farfasa motar Katsina United a filin Sani Abacha da ke Kano, aka ci Kano Pillars tarar naira miliyan 9, aka kuma kai wasanninta na gida Abuja. Ba ganga ce ta haddasa waɗannan ba, amma duk tushensu guda ne, watau ɗaukar baƙo a matsayin maƙiyi. Jifa ba ta kan zo da farko ba. Sai an riga an zubar wa mutum da mutunci a idon taro, sa'an nan hannu ke samun ƙarfin ɗaukar dutse, mai ganga kuwa shi ne ya fi kowa ikon juya zuciyar taro.

Gyaran abin nan ba ya bukatar kuɗi. Da farko, shugabannin makarantu su sani cewa badujala kayan makaranta ce, duk abin da ta faɗa a fili da sunan makaranta ta faɗa, saboda haka kada a sake ta ba malami a kanta. Na biyu, a mai da shi doka a wasannin makarantu cewa makaɗan gida za su tarbi baƙi da kiɗa in sun shigo, su kuma raka su da shi in za su fita, ko wa ya ci. Na uku, a keɓe wa makaɗa wuri a gefen fili, a hana su zama bayan raga. Na huɗu, akwai lokuta uku da ganga za ta yi shiru: sa'ad da ake taken ƙasa, da sa'ad da ɗan wasa ke kwance da rauni, da sa'ad da aka ajiye ƙwallo za a buga daga kai sai mai tsaron gida. In wannan ya wuce, kowa ya buga har fata ta fashe. Hukumomin wasanni na jihohi da malaman motsa jiki su ne za su tsaya a kan wannan, manyan ƙungiyoyin magoya baya kuma su fara gyara nasu, don a wurinsu yara ke kwaikwayo.

Amma kafin a kai ga doka, akwai abin da ke gaban iyayen Limawa. Nan da mako uku 'ya'yansu za su shiga mota su tafi garin da aka yi wa ɗansa kiɗan gawa, kuma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Shawarar da dattijon nan ya ba saurayin ita ce ta fi kowace sauƙi. Ya ce shugaban kwalejin ya aika da takardar ban haƙuri tun yanzu, shi kuma mai babbar gangar ya bi ayarin, in sun isa ya fara da neman gidan yaron da ya gurɗe ya duba ƙafarsa, sa'an nan ya tambayi 'yan badujalar can su koya masa taken makarantarsu, don ya san abin da zai buga ranar da za su sake takowa Minna. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma, mai ganga kuwa shi ne fuskar gari da baƙo ke fara gani.

Allah ya sa a yi wasa lafiya, a tashi lafiya.