KURMA MA ƊAN ƘASA NE

Jama'a, yau maganarmu a kan waɗansu 'yan'uwanmu take, waɗanda ba a tuna su sai ranar jefa ƙuri'a, watau kurame da masu ƙarancin ji. Suna nan a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, suna noma, suna ɗinki, suna dako, suna biyan kuɗin kasuwa kamar kowa. Amma in aka zo maganar makaranta da magani da aiki, sai a nuna ba a san da zamansu ba. Ina dalili?

In yaro ya kurumce, sai ka ji an ce ƙaddara ce, ko kuwa iska ce ta mare shi. Ba mu musun ƙaddara, amma fa kada a ɓoye sakaci a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2021 cewa mutum miliyan 430 a duniya ke bukatar taimako saboda rashin ji, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumcin yara abu ne da ake iya tarewa. Abubuwan da ke kawo shi duk mun san su: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, ciwon kunne mai mugunya da aka bari ba magani, da waɗansu allurai masu ƙarfi irin su gentamicin, waɗanda masu kemis ke yi wa yara ba da izinin likita ba.

Sanƙarau kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Cikin kowane mutum biyar da suka tashi daga irin wannan ciwo, ɗaya yakan tashi da nakasa, sau da yawa ta kunne. A watan Maris na 2024 ma, da cutar ta sake ɓarkewa, Jigawa na cikin jihohin da aka fara kai wa sabuwar allurar rigakafi mai suna Men5CV, wadda Nijeriya ce ta fara amfani da ita a duniya. Wannan abin yabo ne, mun kuwa yaba. To, amma yaran da suka tsira da ransu, wa ya bi su gida ya gwada kunnensu? An ƙirga gawa, an ƙirga allura, su kuwa an bar wa iyayensu.

Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙa'idar masana ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimakonsa kafin wata shida. Na'urar gwajin ba ta fi a riƙe ta a hannu ba, kuma ungozoma na iya koyon aiki da ita. Amma talakan Gwiwa ko Roni yakan gane ɗansa ba ya ji ne sa'ad da tsaransa suka fara surutu shi yana shiru. In ya ce sai ya ga likitan kunne, sai ya sayar da akuya ya nufi Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Kaduna, inda aka kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a 1999. Wanda ba shi da akuya fa?

Sai maganar ilmi. Tun 1960 Andrew Foster, wani baƙar fata kurma daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan. Kano ba ta sami tata ba sai 1977, a Tudun Maliki, lokacin Kazaure da Babura suna cikin Jihar Kano. A 1991 aka yanke Jigawa, makarantar ta zauna a can. Uban da zai tura ɗiyarsa 'yar shekara shida, wadda ba ta ji, makarantar kwana a gari mai nisa, sai an tona. Ƙarshenta yarinya ta zauna gida, yaro ya shiga bara.

Kada wani ya ce kurma ba shi da harshe. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu, maganar hannu, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta koye shi, ta buga littafi a kansa a 2000. Baƙuwa ta haye teku don ta koya, mu kuwa da muke gida ɗaya da su muna kiransu bebaye muna dariya. Haba jama'a!

Doka ma tana nan. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Ta ce a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar yin magana da wanda ba ya ji. A Jigawa kuma, a 2007, gwamnatin Sule Lamido ta fara ba waɗansu nakasassu naira 7,000 a wata. Kuɗi na da rana, amma kurma ba sadaka ya fi bukata ba. Abin da yake nema shi ne tafinta gaban likita da gaban alƙali, don kada a yi masa maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba, ko a ɗaure shi kan laifin da bai san an karanta masa ba.

Kada kuma mai ji ya ɗauka ya tsira. Yaron da ke wuni a bakin injin niƙa, da maƙerin da ke dukan ƙarfe, da mai kwana kusa da janareto, duk kunnensu na mutuwa a hankali. Tsufa ma na jiran kowa. Dattijon da ya daina zama majalisa, aka ce ya rikice, sau da yawa kunne ne kawai ya yi nauyi.

Saboda haka ga abin da muke nema, ko wa ke kan kujera:

1. A sa na'urar gwajin ji a manyan asibitocin Kazaure da Babura, a gwada kowane jariri ranar da aka kawo shi rigakafi, da duk wanda ya tashi daga sanƙarau kafin a sallame shi.

2. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe ajin kurame aƙalla a firamare guda, da malamin da ya iya maganar hannu, yadda yaro zai yi karatu ya kwana gidan ubansa.

3. A ɗauki tafintoci a asibiti da kotu da ofishin 'yan sanda.

4. A sa na'urar ƙara ji da batirinta cikin kayan da ake ba yara da tsofaffi kyauta.

5. Gwamnati ta bayyana wa jama'a kurame nawa ta ɗauka aiki tun 2019.

Hakimai da dagatai da masu unguwa sun san kowane gida, su taimaka a ƙirga. Limamai su gaya wa mutane cewa kai yaro gwaji ba jayayya da ƙaddara ba ce. Iyaye kuma su daina ɗiga wa kunnen yaro duk abin da aka ce musu magani ne.

Kurma dai ba shi ya zaɓa wa kansa ba. Amma mahukuncin da aka gaya wa gaskiya ya yi kunnen uwar shegu, shi ya zaɓa. Za mu ci gaba da faɗa har a ji. Allah ya sa mu dace, amin.