Dabba da Wurinta, Yaro da Wurinsa

Wannan ɗan littafi a kan dabbobin gida ne, wato kare, kyanwa, kaji da awaki, da kuma wuraren da bai kamata su shiga ba.

A daminar da ta wuce wata uwa daga wani ƙauye a hanyar Savelugu ta kawo mana ɗanta mai wata goma. Karo na uku ke nan cikin wata biyu yana zawo. Mun ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, ya warke, ya koma gida, ya sake dawowa. Da muka ɗora shi a sikeli, nauyinsa bai ƙaru ba ko kaɗan. Uwar mai tsabta ce, tana ba shi nono, tana wanke hannu. Sai da na je gidan na gane inda matsalar take. Kaji suna kwana a ƙarƙashin gado. Akuya tana sa baki a bahon wanke-wanke. Yaron yana rarrafe a tsakar gida, abin da hannunsa ya taɓa kuwa sai baki. Na ce mata, “Uwar gida, maganin ɗanki ba ya cikin kabad ɗinmu, yana nan tsakar gidanki.”

Ra'ayina shi ne: kada ku rabu da dabbobinku, kada kuma ku zalunce su. Ku yanka musu iyaka, ku koya musu ita. Duka da guba ba sa tsare gida. Shinge da sabo su ke tsare shi.

Me ya sa ake bukatar iyaka

Kashin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo, ko da kazar lafiyarta lau. Babba yana iya haɗiye kaɗan bai ji komai ba. Jariri kuwa hanjinsa bai yi ƙwari ba. Idan zawo yana ta komowa, hanjin ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, sai yaro ya tsumbure. A Zimbabwe masu bincike sun zauna a gidajen ƙauye suna kallon jarirai, suka ga suna cin ƙasa har da kashin kaji yayin da iyaye suke aiki. A Habasha kuma wani bincike na 2016 ya nuna cewa kiwon kaji yana taimakon girman yara, amma a gidajen da kaji suke kwana ɗaki ɗaya da mutane wannan amfani yana raguwa.

Kashin kare da na kyanwa suna da ƙwan tsutsa. A cikin yashi mai laima tsutsar tana ƙyanƙyashewa, ta shiga fatar ƙafa ko ɗuwawun yaro, ka ga wani jan layi yana tafiya a ƙarƙashin fata yana ƙaiƙayi. Kashin kyanwa yana da wata cuta kuma da take iya cutar da ɗan da ke ciki idan mai juna biyu ta kamu. Saboda haka kada mai ciki ta kwashe kashin kyanwa, wani ya yi mata. A kwashe shi kowace rana, domin sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai harbi.

Mafi muni shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, babu asibitin da zai iya ceto mutum.

Wurare huɗu ne nake roƙo ku hana dabba: wurin girki, wurin randa, ɗakin kwana, da tabarmar da yaro yake wasa.

Abin da kuke faɗa mini

Na san amsar da wasu za su ba ni. “Haka muka taso, ga mu nan da ranmu.” Gaskiya ne kun rayu. Amma ku tambayi kakanninku 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka binne. Wasu kuma suna cewa, “Idan kaza ta kwana waje, ɓarawo ko muzuru zai ɗauke ta.” Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Kaza da zabuwa su ne asusun talaka. Su ke biyan kuɗin makaranta, su ke sabunta katin inshorar lafiya. Amma akurki na ƙasa mai ƙofa, a cikin gida kusa da taga inda za a ji motsi, yana tsare kaza. Kuɗin gina shi bai kai kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale da kwana uku a gadon jinya ba.

Mun taɓa canja ɗabi'a a ƙasar nan, kuma ya yi amfani. Ku tuna kurkunu. A 2007 Savelugu ta cika da masu fama da shi. Mutane suka koyi tace ruwa, suka hana mai ciwo shiga dam. A 2010 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a Gana, a 2015 aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Babu allura, babu ƙwaya. Ɗabi'a aka canja.

Me ya sa duka ba ya aiki

Kare ba ya tunani irin namu. Yana haɗa abin da ya yi da abin da ya same shi nan take ne kawai. Idan ya lashe tukunya da safe, ka dawo daga gona da yamma ka zane shi, bai san laifinsa ba. Abin da ya koya shi ne kai abin tsoro ne. Gobe zai jira ka fita ya koma tukunyar. Kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Na ɗaure hannun wani yaro ɗan shekara bakwai da karen gidansu ya ciza. Ya ga manya suna dukan karen, shi ma ya ɗauki sanda ya ritsa shi a lungu. Karen bai da hanyar gudu, sai ya kama shi.

Addinanmu duka biyu ba su yarda da zaluntar dabba ba. A cikin Littafi Mai Tsarki, Karin Magana sura 12 ta yaba wa mai kula da dabbarsa. Maƙwabtanmu Musulmi kuma sun san hadisin matar da aka hukunta saboda ta tsare kyanwa da yunwa.

Abubuwan da kada ku yi

Kada ku ajiye maganin ɓera ko maganin feshin gona a cikin abinci don korar dabba. Yaro mai rarrafe ya fi kare saurin isa wurin. Kada ku watsa wa dabba ruwan zafi ko kananzir. Kada ku barbaɗa garin barkono a bakin ƙofa, domin zai ƙare a idon jariri. Kada ku zuba kafur a lungunan ɗaki don ƙorar kyanwa. Yara suna ɗauka alewa ce. A cikinmu kuma akwai yara da yawa da aka haifa da wani irin jini wanda kafur yake farfasawa, ya kawo ciwon shawara mai tsanani, musamman ga sabon haihuwa. Ko a cikin kayan jariri kada ku sa shi.

Yadda ake koya wa dabba iyaka

Na farko, ku kawar da abin da yake jawo ta. Dabba ƙanshi take bi. Ku rufe tukunya da marfi mai nauyi. Sauran tuwo a rataye shi ko a sa a kabad. A wanke kwanuka da an gama ci, a kife su a kan tanda mai tsayi, ba a ƙasa ba. Randa a ɗora ta bisa dakali, da marfi, da moɗa mai dogon hannu a rataye.

Na biyu, ku ba ta nata wurin. Kare ya sami inuwarsa, da tsohon buhu na kwanciya, da kwanonsa na abinci da na ruwa, nesa da murhu. Kullum a can ake ba shi abinci, a lokaci guda. Kada kowa ya jefa masa ƙashi daga inda ake cin abinci. Jifa ɗaya yana rushe koyarwar mako guda.

Na uku, kalma ɗaya. Ku zaɓi kalmar kora guda, da Hausa ko da Dagbani, duk gidan su riƙa amfani da ita. Ku faɗe ta daidai lokacin da ƙafarsa ta taka wurin da aka hana. Idan bai ji ba, ku girgiza gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa. Ƙarar tana firgita shi ya ja baya, ba ta ji masa ciwo. Da ya koma wurinsa, ku yaba masa, ku ba shi ɗan abin taɓawa. Ladan nan ya fi ƙarar muhimmanci. Ku fara tun yana kwikwiyo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban kare ma yana koyo, sai dai yana bukatar haƙuri.

Na huɗu, kyanwa. Muna bukatarta saboda ɓera, amma aikinta a rumbu yake. Idan ta hau gado ko tebur, ku yarfa mata ruwan sanyi da yatsu nan take. Kyanwoyi da yawa ba sa son ƙanshin ɓawon lemo, kuna iya ajiye shi a bakin taga. Tana son yin kashi a yashi mai laushi, saboda haka ku rufe tarin yashin gini da tsohon kwano ko buhu, ku ware mata wani ɗan wuri a bayan gida. Da dare ku rufe ƙofa, ku soke gidan sauro a ƙarƙashin katifa. Yana hana sauro, yana hana kyanwa hawa kan jariri.

Na biyar, kaji da awaki. Waɗannan ba a cika koya musu da magana ba, shinge suke ji. Ku gicciye katako ko guntun zana mai kai gwiwa a ƙofar ɗaki da ta madafa. Babba zai tsallaka, 'yan tsaki ba za su shiga ba. Awaki a ɗaure a turke ko garke a gefen gida. Hatsin kaji a watsa shi a waje ɗaya, nesa da ƙofa, can za su riƙa taruwa. A share tsakar gida safe da yamma, a kai kashin ramin taki. Kada akurki ya zama wurin wasan yara. Mai ɗebo ƙwai ya wanke hannu da sabulu.

Na shida, idan ba za ku iya killace dabba ba, ku killace yaro. Ku shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, ku kewaye da benci ko zana, wani babba ko yayarsa yana kallo. A wanke masa hannu kafin ya ci.

Rigakafi da cizo

Koyarwa ba ta maye gurbin allura. Kowane kare da kyanwa a yi masa allurar rigakafin hauka daga wata uku, a maimaita kowace shekara. Ku tambayi malamin dabbobi na gundumarku. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ku riƙe ta a matsayin ranar tunawa.

Idan kare ko kyanwa ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a sa toka, ƙasa ko ganye. A kawo shi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Dabbar a tsare ta a lura da ita kwana 10, a sanar da malamin dabbobi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a zo. Ku koya wa yara kada su taɓa kare yana ci, yana barci, ko karya mai 'ya'ya. Ku kuma gaya musu ba za a doke su ba idan sun faɗi cewa an cije su, domin yara da yawa suna ɓoyewa.

Uwar yaron nan da na ba ku labari, mijinta ya gina akurki da ƙasa a kwana biyu, ya gicciye katako a ƙofa. Da ta kawo shi awo bayan wata biyu, layin katinsa ya fara hawa. Ku ma yau da yamma ku zagaya gidanku, ku durƙusa daidai tsayin ɗanku, ku duba abin da hannunsa zai iya kaiwa. Daga nan za ku san inda za ku fara. Allah ya raya mana yaranmu, ya albarkaci kiwonmu. Amin.