Wasiƙa Daga Ingila: Fitilar Da Ke Shan Hayaniya

  

Yau zancen fitila zan yi muku. Ofisoshin ƙasar nan sun shiga yayin rataya wasu manyan fitilu, wasu kamar faifai, wasu kamar allo, an lulluɓe su da wani abu mai kauri kamar bargo. Aikinsu biyu ne: su haska teburi, su kuma sha hayaniya. Har ofishinmu an rataya su. A ganina abin yana aiki, amma bai kai yadda masu tallarsa ke zuzutawa ba.

Ga yadda lamarin yake. Idan ka yi magana a ɗakin da bangonsa siminti ne, tagoginsa gilashi, ƙasansa tayil, sautin ba ya mutuwa nan take, sai ya yi ta dukan bango yana dawowa. A shekarar 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani ɗakin lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa, saboda kalma ɗaya takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo. Ya riƙa kwaso kushin ɗin kujeru daga wani zaure da dare yana gwaji, har ya gano ƙa'idar da ake amfani da ita har yau: girman ɗaki yana ƙara daɗewar amsa-kuwwa, faɗin abubuwan da ke shan sauti kuma yana rage ta.

Bargon fitilun nan ana yin sa da gashin tumaki ko da zaren robobin ruwan sha da aka sake sarrafawa. Shi sauti kaɗawar iska ne. Idan ya kutsa tsakanin zaruruwan, gogayya ce ke cinye ƙarfinsa, ya koma ɗan zafin da ba ma a jinsa. Dabarar haɗa shi da fitila kuwa ita ce, da ma fitila a saman kawunan mutane take rataye, ga shi sauti yana samun ta ta kowane gefe. Fitilar LED ce ta sa hakan ya yiwu, domin tsohon ƙwan lantarki kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama. Wa zai nannaɗe shi da ulu?

Amfanin a fili yake. Tun 1911 wani likita Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta yi yawa. Kai ka ɗaga, na kusa da kai ya ɗaga, sai ofis ya koma kasuwa. Idan amsa-kuwwa ta ragu, kowa sai ya sassauta.

To amma ku tuna da ƙa'idar Sabine: faɗi ne ke aiki. Fitila biyar ko shida a zauren da ke cike da tebura cikin cokali ne. Siririn bargo kuma siririn sauti ya fi kamawa, rugugin injin sanyaya ɗaki sai abu mai kauri sosai. Sannan shan sauti daban, tare shi daban. Muryar maƙwabcinka da ke waya kai tsaye take zuwa kunnenka, ba ta bi ta kan fitila ba.

Abin da ya sa na damu shi ne, mu baƙi muka fi kwana a ciki. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa hayaniya ta fi wahalar da mai sauraro da harshen da ba nasa ba. Bature idan rabin kalma ta ɓace masa, kansa zai cike sauran. Mu kuwa sai mun ji ta cikakkiya, balle da karin harshen mutanen Manchesta. Ka nemi a maimaita sau biyu a taro, sai a fara yi maka kallon wanda bai iya aikinsa ba.

Saboda haka a rataya fitilun, madalla, amma kada masu kamfani su fake da su suna cusa ma'aikata a zaure guda. A 2018 masu bincike na Harvard, Ethan Bernstein da Stephen Turban, sun gano cewa da wasu kamfanoni biyu suka cire shingayen ofis, magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Ma'aikaci yana buƙatar ɗaki mai ƙofa da zai shiga idan aiki ya nemi natsuwa.

Ku kuma na gida masu ginin makaranta ko ofis ko masallaci, kada ku bi tayil da gilashi kaɗai. Kafet da labule mai kauri da silin mai laushi za su yi muku wannan aiki ba tare da fitila mai tsada ba.

A gaida kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.