Agogon neman agaji: wa zai amsa kiran?

Tsarabar da ƴaƴanmu ke aiko wa iyaye daga Tamanrasset da Libiya ta soma sauya kama. Da can shayi ne da dabino da madarar gari da bargo. Yanzu akan tarar da agogon hannu a cikin kaya, irin wanda ake sa wa layin salula, mai maɓallin da tsoho zai danna in jiri ya kwashe shi ko ya faɗi. Masu niyyar saye suna ta tambaya: wanne ya fi, mai tsada ko ɗan Sin mai araha? Damuwarsu tana kan hanya, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Sai dai a ganina an faro zancen daga tsakiya. Mazaunin Arlit ko Assamakka, kafin ya zaɓi agogo, ya kamata ya waiwaya ya dubi abin da wannan yanki ya riga ya koya mana a kan neman agaji.

A 1974 wani malamin jami'a a Boston ta Amurka, Andrew Dibner, shi da matarsa Susan, suka kafa kamfanin Lifeline. Maɓallin da suka ba tsofaffi ba wani abin mamaki ba ne. Aikin yana bayansa: in an danna, kira ya shiga asibiti, akwai ma'aikaci a zaune dare da rana, a gabansa akwai sunan tsohon da lambar maƙwabci ko ɗan'uwan da zai ruga ya duba shi. A 2018 Apple ya fito da agogon da ke jin faɗuwa mai ƙarfi, in mai shi bai motsa ba kamar minti guda sai ya kira lambar gaggawa da kansa. Duk waɗannan an ƙera su ne da tunanin garin da motar asibiti ke tsayawa a ƙofar gida cikin ƴan mintoci.

Dattawan Arlit da Akokan kuwa ba baƙin na'urar ɗaurawa a jiki ba ne. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da uranium a 1971. COMINAK ta biyo baya, ramin Akouta mai zurfin mita 250 ya fara aiki a 1978. A wancan lokaci mai shiga wannan rami yana sauka da fitila a hula da ƴar na'urar da ke auna tururin ƙarfen da jikinsa ya ɗauka. Ita wannan na'ura lissafi kawai take yi, ba ta kiran kowa. Amma in hatsari ya auku a ƙasa, akwai masu ceto, akwai mota, akwai likitar kamfani kusa. Ba yabon kamfanonin nake ba. Ƙungiyar Aghirin'man da masu binciken CRIIRAD na Faransa sun nuna tun 2003 yadda guba ta shiga ruwa da tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa, kuma har yau mutanen garin suna ɗauke da wannan kaya. Abin da nake nufi ƙarami ne: a wancan zamani, ma'aikacin da ya yi ihu ya san wanda zai zo.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe. Samarin da suka shiga rami a 1978 yau sun kai saba'in ko sun kusa, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gwiwa, ga tarin da ba ya jin magani. Ƴaƴan sun watsu, wani yana haƙar zinariya a Djado ko Tchibarakaten, wani yana Aljeriya, wani Yamai. Cikin wannan giɓi agogon ya shigo. Ɗan da ke nesa yana son ya kwanta da kwanciyar hankali, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai mu tuna Oktoban 2013. Motocin da suka ɗauko mutane daga Arlit zuwa Tamanrasset suka lalace a cikin rairayi. Da aka kai gare su, gawa 92 aka tarar kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, mafi yawansu ƴan Kantche ta jihar Damagaram. Almoustapha Alhacen na Aghirin'man yana cikin waɗanda suka je suka binne su. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Ƙishirwa ce ta kashe su, amma abin da ya ba ƙishirwa dama shi ne labarinsu bai isa kunnen mai mota da ruwa a kan lokaci ba. Da ya isa, ya zama ihu bayan hari.

Assamakka ta ga irin wannan har ta gaji. Kilomita 15 daga garin akwai wurin da ake ce wa Point Zéro, inda jami'an Aljeriya ke sauke baƙin hauren da suka koro, sau da yawa cikin dare, wasu an karɓe musu wayoyi. A 2024 kaɗai ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro. Ita wannan ƙungiya da lambar waya ta yi suna, amma abin da ke ceton rai a Assamakka shi ne babur mai ƙafa uku da ƴan sa-kanta ke shiga daji da shi, su ɗauko tsoho da mai ciki da wanda ƙafarsa ta karye, su kai su wajen ma'aikatan lafiya. Sun fahimci cewa kiran da ba shi da ƙafa a bayansa bai amfana wa kowa komai ba. Wannan shi ne darasin da nake so mai sayen agogo ya riƙe: a fara zaɓen mutumin da zai amsa, sannan a nemi agogon da zai iya kiransa.

To wane ne mutumin? Ba ɗan da ke Tamanrasset ba ne, ko da shi ya biya kuɗin. Lamba ta farko ta zama ta wanda ke kwana cikin gidan ko bayan katanga, ta biyu ta mai mota ko babur a unguwa wanda aka yi magana da shi ido da ido, har da zancen kuɗin mai, ta uku ta ma'aikacin lafiyar da ya san tsohon. Shi na nesa ya zo a ƙarshe. Saboda haka agogon da ya dace da mu shi ne wanda ake sa wa layin gida, Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, yana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya har sai an ɗauka, kuma ana jin murya ta cikinsa. Wanda ake biya wa kuɗin wata-wata a Turai, masu amsa kiransa ƙasarsu suke wa aiki. Wanda ba ya motsi sai da intanet shi ma a bar shi. A gwada rezo cikin ɗakin tsohon da bayan gida, ba a bakin titi ba, kuma a san wanda zai riƙa zuba wa layin kuɗi.

Ga zafi. Apple da kansa ya ce agogonsa ya fi aiki tsakanin digiri 0 da 35, batirin wanda ya fitar a 2018 kuma awa 18 ne. Bazarar Assamakka tana wuce 40 nesa ba kusa ba. Inda wuta ba ta da tabbas, agogo mai ƙaramin allo da ke kwana uku ko huɗu bai mutu ba ya fi mai ƙyalƙyali.

Abu biyu ne masu talla ba sa faɗa, kuma su suka fi damuna. Na farko alwala. Tsohonmu yana wanke hannu har gwiwar hannu sau da dama a yini, in agogon yana tsoron ruwa zai cire ya aje, alhali makewayi da wurin wanka, inda ƙasa ke da santsi, nan ne ƙafa ta fi zamewa. A nemi wanda ruwa ba ya shiga, mai maɗaurin da za a iya motsawa ruwa ya ratsa. Na biyu kunya. Wani bincike da aka yi a Cambridge ta Ingila, aka buga a 2008, ya bi tsofaffi ƴan sama da shekara 90, ya tarar mafi yawan waɗanda suka faɗi su kaɗai, da maɓallin a gidan, ba su danna ba. In haka ne a can, ina ga dattijon da ya tashi cikin tarbiyyar ɓoye ciwo? Zai ce maka, "Ɗana, don na ɗan zame sai in tayar da unguwa?" Amsar sai ta fito daga bakin wanda zai amsa kiran: "Baba, ku kira ni ko ƙarfe nawa ne, in ba ku kira ba shi ne za ku ɓata mini rai." Na'urar jin faɗuwa tana taimakawa a nan, amma takan rasa wanda ya sulale a hankali jikin bango.

Kuma agogo bai san shanyewar ɓarin jiki ba. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, idon mutum ne zai gani, likitoci kuma awoyin farko suke nema. Daga Assamakka zuwa Arlit ya fi kilomita 200, daga Arlit zuwa Agadas wata doguwar tafiya ce a kan hanyar da ta farfashe. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya kawai, ni dai zan ce ya sayi na'urar awon hawan jini da maganin wata uku kafin agogo.

Wanda ya riga ya saya, kowane farkon wata a sa tsohon ya danna maɓallin da hannunsa, a duba wa ya ɗauka, minti nawa ya yi kafin ya iso. In maƙwabcin da ke lamba ta farko ya tafi gidan zinariya, a sauya lambar a ranar, kada a bari sai ya dawo.