Kada Ka Saki Reshe Ka Kama Man Kifi

Ya kai mai karatu, idan a gidanku akwai mai fama da ciwon tsananin damuwa, ko mai ciwon nan da ke jujjuya mutum tsakanin zumuɗi marar iyaka da baƙin ciki mai nauyi, to da kai nake. Masu tallar ƙwayoyin man kifi, wato omega-3, sun cika WhatsApp da kantunan magani suna shelar cewa kimiyya ta gano waraka, don haka a ajiye maganin asibiti. Wannan ƙarya ce da aka lulluɓe da guntun gaskiya, kuma tana iya cin rai.

Ga guntun gaskiyar. A shekarar 1999, Dakta Andrew Stoll na Jami'ar Harvard ya gwada man kifi a kan mutum 30 masu ciwon jujjuyawar nan na tsawon wata huɗu, aka ga alamun sauƙi. Sai dai abin da 'yan talla ba sa faɗa shi ne, akasarin majinyatan ba su daina shan magungunansu ba. Ɗora musu man aka yi a kai. Kuma mutum 30 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su.

Da aka zo babban gwaji, labari ya sha bamban. A shekarar 2021, Dakta Olivia Okereke da abokan aikinta suka wallafa sakamakon binciken da ya ƙunshi Amurkawa sama da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama. Rabinsu sun sha giram ɗaya na omega-3 kullum har fiye da shekara biyar, rabi kuma ƙwayar da babu maganin a cikinta. Man kifin bai kare kowa daga damuwa ba. Hasali ma waɗanda suka kamu sun ɗan fi yawa a ɓangaren masu shansa. A wannan shekarar dai, cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 35 da aka yi wa masu ciwon, ta ce amfanin ƙanƙani ne, da wuya majinyaci ya ji shi a jikinsa, hujjar kuma mai rauni ce.

Ba na cewa man kifi banza ne. Wasu masana suna ganin nau'insa mai suna EPA, giram ɗaya zuwa biyu a rana, yana iya taimakawa idan an haɗa shi da maganin likita. Amma juya kwalbar ka karanta bayanta. Ƙwayar da aka rubuta wa miligiram 1,000 sau da yawa miligiram 180 kacal na EPA ke cikinta, ka ga sai mutum ya haɗiye wajen shida kullum. Yawan shansa kuma yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, sannan mai shan maganin tsinka jini dole ya nemi shawara tukuna.

Babbar musibar ita ce dakatar da magani. Wanda ya yanke shan litiyam farat ɗaya yana cikin haɗarin dawowar ciwon da ƙarfi, har da tunanin halaka kai. Ranar da hakan ta faru, mai tallar ya riga ya karɓi kuɗinsa. Ku ne za ku kwana a bakin gadon asibiti.

Saboda haka, ka ciyar da majinyacinka kifin titus ko sadin gwargwadon hali, domin abinci ne mai kyau. Idan magani yana wahalar da shi, ko tsadarsa ta gagare ku, ka koma wurin likitansa ko mai harhaɗa magunguna, akwai canji. Duk wanda kuma ya ce maka a ajiye magani saboda man kifi, ka tambaye shi: a wane gwaji, kuma mutum nawa? Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.